Ruwan da Ke Ƙaruwa Babu Hadari

Ni ban yi boko ba, na allon ma iyakacina abin salla. Matar ɗana ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗi tana sawa. Na ce mata inda maganar ta shafe ta kada ta gyara, inda ta shafi mijinta kada ta rage. Ta ce to. Ni dai ba karantawa zan yi ba, balle in gane.

A bakin kogi aka haife ni, can Sudan, kogin nan da ke gangarowa daga duwatsun Habasha, wanda mu bahar kawai muke ce masa. Ubana masunci ne, ubansa ma masunci ne. Sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, suka iso bakin ruwa, suka ce bari su huta, hutun da ba su tashi ba ke nan. Ni aure ya ƙarasa da ni hanyar. Na iso Jidda da ciki, muka sauka unguwar Sa'alaba, daga baya muka dawo unguwar Nuzla, ga ni a Nuzla har yau, mai gidan ya rasu ya bar ni da 'ya'ya.

Cikin nan da na zo da shi, shi ne ɗan farina. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta tambayar ko ya ci, ba ta kallon fuskarsa ta daɗe, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Maƙwabtanmu Larabawa suna mamaki, su da ke rungumar 'ya'yansu a bakin titi. Ni haka na tarar, haka na riƙe. Da ya yi aure sai abin ya zo mini da sauƙi, magana ta koma bi ta wajen matarsa. Yana zaune, ina zaune, sai in ce, “Ke 'yar nan, ce wa mai gidanki gas ya ƙare.” Ita kuwa ta juya ta faɗa masa, kamar bai ji ba.

To, tun suna ƙanana nakan ba ƙannensa labarin bahar. Su nake fuskanta, shi yana can bakin ƙofa yana wasa da takalmi. Ina gaya musu yadda damira ke zuwa, wato lokacin cikar kogi. Sama wasai, babu hadari ko kamar tafin hannu, sai a wayi gari ruwan ya sauya launi, daga kore ya koma ja kamar kunun kanwa. Ruwan an yi shi ne can Habasha, mu isowarsa kawai muke gani. Ina gaya musu yadda ubana ke tsugunawa a gaɓa kafin ya taɓa jirginsa. In ya ga busasshiyar ciyawa da kashin awaki suna wucewa, sai ya ce bahar na sharar gidansa, ƙaruwa yake. In ya ga dutse da jiƙaƙƙen zobe a saman ruwa, ya ce ya fara janyewa. Sannan ya kafa kara daidai leɓen ruwa, ya koma gida ya sha shayi, ya dawo ya tambayi karan. Kuma a irin wannan ruwa ba ya zuwa tsakiya. Yakan ce kifi ma ya gudu daga can, yana nan gefe a bayan duwatsu da saiwoyi, yana jiran abin da ruwa zai kawo masa.

Ƙannen suka girma suka manta. Ashe na bakin ƙofar ne ya kwashe duka.

Sawwaƙ ne shi, wato direban gida. Kafilinsa, wato ubangidan da takardar zamansa ke hannunsa, wani dattijo ne a arewacin gari, ya ajiye aiki, 'ya'ya sun girma, ga lokaci ga hali. Ɗana Ammi yake ce masa, wato baffa, yadda duk direbobi ke cewa. Shekaru yana tuƙa shi, ban taɓa ganin mutumin ba, ban kuma taɓa jin ya yi wa ɗana wani mugun abu ba. Wannan gaskiya ce, a rubuta ta.

Ana nan, wata Juma'a bayan sanyi ya wuce, sai ga ɗana ya shigo da ƙatuwar jaka. Wai Ammi zai raka kamun kifi wata ƙasa. Ya fito da wani wando na roba, haɗe da takalminsa, mai kaiwa har ƙirji. Ya sa shi a tsakar ɗaki, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na hurawa, yana ta zufa. Matarsa ta yi dariya har ta dafa bango.

“Wallahi kamar kwaɗo! Ya salam, juya in gani.”

“Ke dai ba ki san kaya ba. Daga waje aka kawo shi.”

Ina gefe ina tsince shinkafa. Ya buɗe wani ɗan akwati ya miƙa mata, ita ta miƙo mini. Ƙugiyoyi ne ƙanana, kowace an naɗe ta da zare da gashin wuyan zakara, wata da gashin zomo, wata an yi mata fukafukai har da 'yan ƙafafu. Na juya ɗaya a tafin hannuna. Aikin hannun dattijon ne, mai kyau, ban raina ba.

Na ce, “Tambaye shi, ina ake maƙala tanar?”

Ta tambaye shi. Ya ce ba a sa tana. Ya ce kifin da ake nema da ita wani ne mai ɗige-ɗige, sunansa tirawut, ba ya zama sai a ruwan sanyi na duwatsu. Ana wurga masa wannan da doguwar igiya, ta sauka kan ruwa a hankali, shi kuwa ya ɗauka ƙwaro ne ya cafke.

“In an kama fa?”

“Ammi ya ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa.”

Na ajiye tiren shinkafar. Mutum ya hau jirgin sama, ya je wata ƙasa can gaba da Turkiyya, ya tsaya cikin sanyi, ya yaudari kifi da gashin kaza, sannan ya sake shi. Ubana da ya kwana da yunwa ranar da koma ta fito babu komai, da zai ji wannan, ban san me zai ce ba. Raina bai kwanta ba tun daga nan. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba.

Na ce, “Tambaye shi, ƙasar babu direbobi ne, da sai an ɗauke shi tun daga Jidda?”

Ya sunkuya yana kokawa da takalmin robar. Ita ce ta kasa riƙewa.

“Inna, ba don tuƙi ba ne. Ai ya gaya wa Ammi shi ɗan bahar ne. Wai a jirgin kakansa ya girma.”

“Ke!” in ji shi.

“To ƙarya na yi? Ba kai ka ce kullum a mota sai ya ce ka ƙara masa labarin damira ba?”

Nan na gane. Labaran da na bai wa ƙannensa ne ya ɗauka ya sa a jikinsa kamar riga. Dattijon yana son kogi, ɗana yana da maganar kogi a baki, kuma maganar gaskiya ce, duk wanda ya san ruwa ya ji zai gasgata. Da ita ya tashi daga direban kai yara makaranta ya zama na gaban motar mai gida, wanda ake zama da shi a sha gahawa. Sai dai mutumin nan a ɗaki aka haife shi a Sa'alaba, kuma ruwan da ya fi bokiti bai taɓa shiga ba. Duk ranar da aka yi ruwan sama a Jidda titi ya cika, shi ne na farkon hawa dakali.

Na ce, “Ce masa ya je ya faɗa wa mutumin gaskiya.”

Ya ce da ita, “Ce wa Inna akwai dalili a can, mutumin ƙauyen da ke nuna wa baƙi ruwa. Ni jaka kawai zan riƙe. Halas, magana ta ƙare.”

Takardun fita da dawowa cikin 'yan kwanaki suka fito. Kafilin da sabunta wa ɗana iƙama, takardar zaman nan, ke ɗaukarsa wata da watanni, sai an yi ta tuna masa, ga shi ya gama wannan kafin a ƙifta ido. Na lura da wannan ma, na ajiye a raina.

Suka tafi. Kullum sau biyu yake kiran matarsa a jawwal, wato wayar hannu, irin kiran da ake ganin juna, da hantsi da kuma bayan la'asar. Ni ba ni ake kira ba, ban kuma ce a ba ni ba. Sai dai duk lokacin da wayar ta yi ƙara, aikina yakan zama a kusa da kafaɗarta.

Ranar farko da hantsi ya nuna mata wurin. Duwatsu masu tsawo, kawunansu fari fat, ƙasa kuwa ciyawa shar. Ga kogin a tsakiya, bai kai rabin rabin namu ba, amma yana da gudu. Na ce, “Ce masa ya kawar da fuskarsa, mun san ta. Ya nuna mini baƙin dutsen can, ya tsayar da hannunsa.” Ya tsayar. Ruwan kore ne mai ɗan duhu, ana ganin tsakuwa a gefe. Dutsen yana da jiƙaƙƙen zobe a sama, faɗin tafin hannu biyu. Na ce a raina, to, janyewa yake.

Bayan la'asar ya sake kira. Na duba, babu zobe, dutsen ma saura ƙoƙon kansa. Ruwan ya koma kamar shayi da madara, ga 'yan itatuwa suna wucewa.

“An yi ruwa ne?”

“Ya ce ko ɗigo, Inna. Rana ce ƙwal tun safe.”

Washegari haka, jibi haka. Da safe ya sauka ya washe, da yamma ya hau ya gurɓace, sama kuwa babu komai. Kogin da na sani sau ɗaya yake cika a shekara. Wannan kullum sai ya yi damirarsa ya janye. Na kwana biyu ina juya abin, ban yarda da shi ba. Sai da na ce a tambaye shi farin nan na kan duwatsu mene ne. Ya ce ƙanƙara ce da ta taru tun lokacin sanyi, yanzu take narkewa. Sai komai ya zauna mini. Hadarin wannan kogi a kan dutse yake a kwance, rana ce ke sauko da shi. Ranar da ta fi zafi, ita ce ranar da zai fi cika, kuma ba zai iso ba sai yamma, lokacin da mutum ya riga ya saki jiki da shi.

Na ce, “Ce masa duk inda suka tsaya ya kafa kara a leɓen ruwa.”

“Inna, ya ce babu kara a can. Ba sa noman dawa.”

“Itacen ma ba sa nomawa? Ya karyo reshe.”

Ta faɗa masa tana dariya. Na ji shi yana cewa, “Tayyib, tayyib, ce mata na ji.”

Kifi kuwa ya ƙi. Kwana uku dattijon yana wurga igiyarsa, ɗaya tak ya kama, ɗan ƙarami. Dalilin nan, mutumin ƙauyen, ya ce masa lokacin ne bai yi ba, sun zo da wuri, sai ruwan ya kwanta. Ya ce in dai sai an yi, a tsaya a gaɓa a bi gefe-gefe da safe, a sa ƙugiya mai nauyi mai duhu wadda kifi zai gani cikin laka. Da aka faɗa mini na ce wannan mutumin ya san aikinsa, ko ubana abin da zai ce ke nan. Amma dattijon ya hango wani ɗan rafi a ƙetare, mai ruwa garau, yana shigowa cikin babban. Ya ce can kifin yake, can za a je. Dalili ya ce shi ba ya ƙetarewa da kowa a wannan watan. Suka yi musu. Dattijon ya sallame shi.

Matar ɗana ce ta kawo mini wannan a kicin, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Wai Ammi ya ce ba ya bukatar kowa, yana da ɗan bahar nasa.”

“Shi kuma ya ce me?”

“Me zai ce, Inna? Ya ce abshir.” Wato an gama, yadda suke amsa wa manya.

Rana ta huɗu da hantsi hoto ya shigo. Ga ɗana tsaye a ƙetare cikin wandon robar, ya ɗaga hannu, haƙora a waje. Sun haye tun da sassafe, ruwa iya gwiwa. Ya kira yana ta murna, ya ce Ammi ya kama uku a ɗan rafin nan, manya, ya ce yau har ya tuɓe rigar sanyi don zafi, kamar ana Jidda.

Da na ji maganar zafin nan sai na matso kusa da wayar.

“Motar tana ina?”

“Tana wancan gefen, inda suka baro.”

“Ce masa su koma yanzu. Yanzu, kafin azahar.”

Ta faɗa. Ya ce Ammi yanzu ya fara jin daɗi, wa zai ce masa ya tashi? Ya ce ya kafa reshen, ga shi can, a kwantar da hankali. Ya kashe.

Na yi azahar. Aka kawo abinci na ce na ƙoshi. Na hau sama na kwashe shanyar da ba ta gama bushewa ba, na sake shanya ta. Matarsa tana kallona, ta ƙyale ni, yarinyar tana da hankali. Na yi la'asar, ina kan sallaya wayar ta yi ƙara.

Dariya yake yi, amma na san dariyar. Ita yake yi tun yana yaro in ya fasa abu.

“Ya kuke? Ina Inna, tana kusa? A'a, ba komai, gaisuwa ce. Ki ɗan nuna mata ruwan nan, ta ga yadda ya yi kyau.”

Ya juya wayar. Ban tsaya kallon launi ba, kunne na kasa. Ƙarƙashin shuuu ɗin ruwan akwai wata ƙara, ƙwal, ƙwal, kamar ana daka a gida na uku. Duwatsu ne ke mirginawa a ƙasa. Ruwan da ke tafiya da dutse, ƙafar mutum ba komai ba ce a wajensa.

“Ina reshen?”

Ta tambaye shi. Ya duba, sannan ya ce bai gan shi ba, wataƙila wani ya cire.

Wa zai cire? Su biyu ne a dajin.

Daga bayansa na ji muryar dattijon, karo na farko a rayuwata, yana cewa yalla, yalla, wato a yi sauri. Ɗana ya rage murya ya ce da matarsa maganin sukarin Ammi yana mota, ga motar can ana hango ta. Ya ce Ammi ya ba shi sanda, ya ce ya shiga gaba ya nemo inda ba zurfi, ya dawo ya kama hannunsa. Yana faɗi yana gyara igiyar wandon a kafaɗa. Na dubi wandon nan mai baki a ƙirji. In ya zame sau ɗaya ruwa ya shiga ta sama, ya zama salka cike, da shi a ciki.

Na ce, “Ce masa kada ya shiga.”

Ta faɗa.

Ya ce, “Ce mata da safe ma mun wuce. Bismillah kawai zan yi.”

Na ga hoton ya karkata, na ga bakin takalmin robar ya taɓa ruwa.

Ban san lokacin da na fizge wayar ba. Na kira sunansa. Sunan da ubansa ya raɗa masa, wanda bai taɓa fita daga bakina ba tun ranar suna, shi na kira, da ƙarfi, har maƙwabciyata ta ce ta ji ta bango. Kada ki rubuta sunan, 'yar nan, sau ɗaya ya isa.

Ya tsaya cak. Ya juyo da wayar. Muka kalli juna, ni da shi, babu kowa a tsakani.

“Inna?”

“Fitar da ƙafarka.”

Ya fitar.

“Ba shi wayar.”

“Inna, don Allah. Don girman Allah, kada ki...”

“Ba shi.”

Sai ga fuskar wani tsoho, farin gemu gajere, hula mai baki, idonsa ya faɗa don gajiya. Larabcina na kasuwa ne, da shi na yi masa magana. Na yi sallama ya amsa. Na ce, “Ya shaihu, ni ce uwar wannan. A Sa'alaba na haife shi, a ɗaki. Bai taɓa ganin bahar ba, bai iya iyo ba. Duk abin da ya gaya maka gaskiya ne, amma nawa ne, a bakina ya ji. 'Yar bahar ni ce. Kuma ina gaya maka ruwan nan ba ya ƙetaruwa yau, ko ga wanda ya iya. Saurari ƙasansa.”

Ya kasa kunne. Ya daɗe. Ban ga ya juya ya dubi ɗana ba, ban ga mamaki a fuskarsa ba. Daga baya ya kira ni khala, wato inna, ya ce, “Tayyib. To yaya za mu yi? Maganina yana can.”

Na ce, “A gefen da kuke, kun ga kashin shanu?”

Ya ce sun gani, da yawa.

“Garin yana wane gefe?”

“Gefen mota.”

“To shanun nan ba tashi suka yi ba, kuma babu makiyayin da zai zuba dukiyarsa a wannan ruwa. Akwai inda suke hayewa. Ku nemi sawunsu ku bi, duk tsawonsa.”

Suka bi. Tafiyar ta yi tsawo, dattijon yana tafe yana zama, ɗana na ɗauke da jakunkuna biyu, yana ba shi dabinon da ke aljihunsa ɗaya-ɗaya. Gab da magariba suka tarar da wata gadar katako, suka haye, wani mai tarakta ya kai su wajen motar. Matarsa ce ta zo ta faɗa mini. Na ce alhamdu lillahi, na ce a ɗumama mini abincin rana.

Ɗana ya ce tun daga bakin ruwan har filin jirgin Jidda, dattijon bai ce masa komai ba sai dama, hagu, tsaya.

Ba a kore shi ba. An mayar da shi tuƙa uwargida, kasuwa da asibiti da gidajen biki, ya yi ta jira a mota. Wani aka ɗauko ya zauna gaban motar mai gida. Gahawar da ake sha da shi ta ƙare. Wata guda cur yana gaishe ni daga bakin ƙofa, ba ya shigowa. Na ji shi yana ce wa matarsa da na bari, da ya san yadda zai zame wa Ammi ba tare da an tona shi ba. Wataƙila. Ni dai na ga inda takalminsa yake.

Bayan sati biyu dattijon ya aiko mini da kwalbar zuma ta can ƙasar, da turmin yadi. Babu saƙo. Yadin na ba wa wata da ta haihu. Zumar na daɗe ina kallonta kafin in buɗe.

Don akwai abin da har yau ban warware ba. Shekara nawa ɗana yana kai iyalin mutumin nan bakin teku a Ubhur, yara na iyo, shi yana zaune can nesa a inuwar mota da takalminsa a ƙafa? Mai idon da ke zura zare a ƙugiya kamar ƙwayar shinkafa, a ce bai taɓa lura ba? In bai sani ba, me ya hana shi mamaki? In kuwa ya sani, me ya sa ya miƙa masa sanda ya ce shiga gaba? Wata rana nakan ce so yake ya ga inda ƙaryar za ta tsaya, da ya ga ruwa ya kai masa gwiwa zai kira shi. Wata rana nakan ce tsoho ne kawai da sukari ya taso masa, yana hango motarsa, ya manta da komai. Matar ɗana ta ce ina zargin bawan Allah a banza. Ban ce ya yi nufin sharri ba. Na ce ban sani ba, kuma ban ga ranar da zan sani ba.

Kwanakin baya na hau sama shanya, sai na tarar da wani gajeren wando a bayan tankin ruwa, an ɓoye shi, a jiƙe. Na shinshina, gishiri. Juma'a ta zagayo na sake tararwa. Na sauko na sami matarsa tana yanka albasa.

“Ina yake zuwa ran Juma'a da sassafe?”

Ta yi kamar albasar ce ta hana ta magana. Daga baya ta ce wani abokinsa Bayamane, mai aikin jirgin kamun kifi, shi ke koya masa iyo a teku, inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Mutum da furfura a gemu, ana riƙe masa ciki yana buga ƙafa. Ta ce ya roƙe ta kada ta faɗa mini.

Na ɗauki wuƙa na taya ta yankan. Da muka gama na ce, “Ce masa ruwan teku ɗaga mutum yake, kuma ba ya zuwa ko'ina. In ya iya a can, a can ya iya. Kada ya je ya gaya wa kowa komai.”

Ta ce, “Inna, yana jin ki fa. Ga shi nan a bayan labule.”

Na ce, “Ke dai faɗa masa.”